Daga Kabara Zuwa Damagaram A Kan Keke

Mu huɗu muka tashi, ranar wata Lahadi a watan Disamba na 2022, ana sallame sallar asuba. Tun da dare muka jera kekunanmu a soron gidan babbanmu a Kabara, kowanne an ɗaure masa kaya a kariya da tsohuwar robar tiyub. Akwai tabarma da bargo da ƙaramin tanti, ga buta da galan ɗin ruwa, ga jakar kayan gyara. Hazo ya sauka har hasumiyar Masallacin Juma'a ba ta ganuwa sosai, almajirai kuwa sun kewaye wuta a bakin lungu suna biya allo. Wani dattijo maƙwabcinmu da ke dawowa daga masallaci ya ja ya tsaya, ya dogara sanda, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Samari, ina aka nufa da wannan kaya haka?"

"Baba, Damagaram za mu, in Allah ya yarda."

"A kan keke? Motocin tasha sun ƙare ne?"

Muka ce suna nan, so muke mu ga hanyar da idonmu. Ya jima bai ce uffan ba. Can ya ce mahaifinsa ya sha bin hanyar nan da jakai, ya kai turkuɗi da goro ya dawo da kanwa da dabino. Sai ya ɗaga hannu ya yi mana addu'a mai tsawo, ya ce duk garin da muka sauka mu fara gaida mai gari kafin mu kwance kaya. Wannan gargaɗi shi ya ciyar da mu, shi ya kwantar da mu, har muka je muka dawo.

Ɗan Kabara bai kamata tafiya ta ba shi tsoro ba, don sunan unguwar ma tafiya ce ta kawo shi. Kabara ta asali tashar jiragen ruwa ce a bakin kogin Kwara, kudu kaɗan da Tambutu. Daga can Malam Umaru, wanda aka fi sani da Malam Kabara, ya taso ya zo Kano, aka ba shi wuri kusa da fada, wurin ya ci sunansa. Daga zuriyarsa aka sami Shehu Nasiru Kabara, jagoran Ƙadiriyya da ya rasu a 1996. Mun tashi muna ganin baƙi daga Nijar da Cadi da Sudan suna cika lungunanmu duk shekara in lokacin maukibi ya zo. Su suna zuwa mana, mu ba ma zuwa. Wannan ne ya daɗe yana damuna, kuma shi ya sa da aka kawo shawarar tafiyar ban yi gardama ba.

Babbanmu malamin firamare ne da ya ba hamsin baya, shi muka naɗa madugu. Baƙar Ralle ya hau, wadda ya gada daga mahaifinsa, ba giya ba komai, sai ƙararrawa da sirdi mai sifirin. Na biyunmu mai gyaran keke ne, shi ya kwana biyu yana sauya mana boris da sarƙa da robar birki kafin tashi. Sai autanmu, tela, sai ni. Mu uku kekuna 'yan Kwatano muka hau, masu giya. Hanyar Daura muka zaɓa da gangan, saboda a lokacin dazuzzukan yammacin Katsina ba su da lafiya, ta nan kuwa hankali kwance. Daga Kano zuwa Zindar, wato Damagaram, ta wannan hanya kimanin kilomita 240 ne. Mota kan cinye shi a yini guda, mu muka ba shi kwana huɗu.

Muka ratsa ta gaban fada, muka gangara Jakara muka sayi gurasa mai zafi aka naɗe mana a takarda, Dutsen Dala na leƙo mu ta cikin hazo, muka fita ta Ƙofar Ruwa muka hau titin Katsina. Daga Kurna zuwa Dawanau babu daɗi, duk hayaƙin tirela ne da ƙahon adaidaita. Sai da muka bar kasuwar hatsi a baya muka karya arewa sannan duniya ta yi shiru, har kana jin kukan tayarka a kan kwalta. A nan kuma muka gamu da wadda za ta yi mana rakiya har Damagaram, wato iskar hunturu. Daga arewa maso gabas take busowa, mu kuwa can muka dosa, saboda haka a ƙirji take dukanmu. Mai mota bai san iska na da nauyi ba. A kan keke kuwa ji kake kamar an ɗaura maka igiya a ƙugu ana ja baya. Madugu ya koya mana dabara: mu jeru a layi ɗaya, na gaba ya tare iska, in ya gaji ya koma baya wani ya karɓa. Da haka muka riƙa cin ƙasa, kuma da haka na gane abin da ya sa fatake ba sa tafiya sai a ayari.

Mun riski Dambatta kasuwa na ci, shanu da raƙuma sun tare hanya. A ƙarƙashin wata darbejiya muka sami 'yar Fulani da ƙwaryarta fes, an rufe da faifai. Ta dama mana fura da kindirmo mai kauri, ta sa ludayin duma, ta ƙi sa ƙanƙara don ta ce mai gumi ba ya shan sanyi. Na sha fura a gidajen biki da wuraren zamani, amma ban taɓa sanin abin da gero ke yi wa gaɓoɓin mutum ba sai ran nan. Kafin ka ajiye ƙwarya ka ji ƙarfi na dawowa cinyoyinka. Tun daga nan muka mai da ita dokar tafiya, kullum da hantsi fura, da la'asar abin da hanya ta bayar, ko dafaffen rogo da ƙuli, ko ɗanwake, ko gyaɗa da rake.

Rana na shirin faɗuwa muka hango duwatsun Kazaure. Garin Ɗan Tunku ke nan, wanda ya zauna a Dambatta kafin a kafa masarautar, tun 1991 kuma garin yana cikin Jigawa. Muka yi sallama da mai unguwa a wata unguwa ta bayan gari, ya nuna mana fili kusa da masallaci, muka kafa tantuna, muka yi sallarmu ƙasaru. Bakanikenmu ya hura gawayi ya ɗora shayi, muka yayyaga gurasar Jakara muka ci da balangu mai ɗumi. Sanyin daren nan ya ratsa bargo ya ratsa ƙashi, amma barcin da na yi ban yi irinsa a kan katifa ba.

Washegari Daura. Muka tsaya a rijiyar Kusugu, inda labari ya ce Bayajida ya kashe macijiya, muka biya abin da ake biya aka jawo mana guga muka sha, muka cika galan. Mun kwana a gidan wani ɗan uwan madugu, da sassafe muka doshi Kongolam. A bakin iyaka muka miƙa fasfo da katin rigakafin shawara. A lokacin Nijar na cikin ECOWAS, yarjejeniyar ƙungiyar ta 1979 kuma ta ba ɗan kowace ƙasa a cikinta damar shiga wata ya yi kwana 90 ba biza, don haka ba a daɗe ba aka buga mana hatimi. A ɗaya gefen, a Ɗan Barto, wani jandarma ya zagaya Ralle ɗin madugu sau biyu, ya taɓa ƙararrawar, ya ce irinta ce ta kai shi lakwal yana yaro. Ya ce, "Mushe, Allah ya kai ku lafiya." Madugu ya ji daɗi an kira shi da sunan sana'arsa, don a can malamin makaranta ake ce wa mushe.

Harshe ɗaya, sutura ɗaya, sallama ɗaya. Abin da ya fara rikita mu lissafin kuɗi ne. Sefa biyar ita ce dala, saboda haka in mai shayi ya ce maka dala ashirin, sefa 100 yake nufi, in ya ce jikka, sefa 1,000 ke nan. Kwastan ya zama duwan, ɗan acaɓa ya zama ɗan kabu-kabu. Kafin azahar kunnenmu ya saba. A Matamaye muka iske rake an jibge shi tuli-tuli a bakin hanya, daga fadamun Korama ake saro shi, fari mai taushi, ruwansa har gwiwar hannu. Muka ci kwaɗon zogale da dambu a wurin wata tsohuwa, da ta ji daga Kano muke a kan keke sai ta ƙara mana ludayi biyu ta ce, "Ku ci, 'ya'yana, tafiya da ciki ake yinta."

Amma abin da ya sa na zauna rubuta wannan labari itace ne, kuma da a mota nake da ban gan shi ba.

Tun da muka bar Ɗan Barto nake jin wani abu ya sauya, na kasa gane ko mene ne. Autanmu ne ya faɗa. Ya ce, "Yaya, ka lura tun ɗazu inuwa ba ta yanke mana ba?" Na ɗaga kai. Gonaki ne an girbe gero, kara a tsaye, ƙasa rairayi fari, amma ko'ina ka duba gawo ne, kore shar a tsakiyar rani. Manya da rassa kamar rumfar kasuwa, matsakaita, da ƙanana da ba su wuce tsayin mutum ba, an sassabe musu ƙananan rassa an bar sanda ɗaya miƙe. Hagu da dama har iyakar ganinka. A raina na taso da cewa duk taku ɗaya da ka yi arewa hamada kake ƙara kusanta. Ga shi mun yi arewa, itace na ƙaruwa.

Da la'asar sakaliya tsidau ya huda tayar autanmu a wuri uku, muka sauka daga kwalta muka tura kekuna zuwa wani ƙauye kafin Kance. Muka nemi ƙofar mai gari, muka tuɓe takalma, muka durƙusa.

"Ranka ya daɗe, baƙi ne daga Kano, dare ya yi mana. Muna roƙon inda za mu kafa tanti."

"Kanawa? To, yau abokan wasa sun faɗo hannu," in ji shi, fadawansa suka yi dariya. Sannan ya ce, "Ɗaki na nan, me za ku yi da tanti?"

Muka ce mun fi son waje. Sai ya sa aka share mana gindin wani ƙaton gawo a bayan gidansa, aka kawo ruwan wanka mai ɗumi, yara suka taru suna riƙe wa bakanikenmu fitila yana faci. Bayan isha'i aka fito da tuwon gero miyar kuka da man shanu, da wata 'yar zabuwa da aka yanka dominmu. Mun san gidan ba na mai hali ba ne, kuma mun san abin da zabuwa take a irin wannan gida. Madugu ya zaro kuɗi da safe, mai gari ya ɓata fuska ya ce, "Malam, a garinku sayar wa baƙo tuwo ake yi?" Sai goron da muka taho da shi da 'yar ƙaramar fitila mai caji da hasken rana ya karɓa.

A daren ne wani tsoho ƙanen mai gari ya warware mini zancen gawo. Ya ce duk itatuwa damina suke jira su yi ganye, gawo shi kaɗai ke kakkaɓe nasa in ruwa ya sauka. Saboda haka ba ya tare wa gero rana, ganyen da ya zubar kuma taki ne. In rani ya yi sai ya tofo, dabbobi su kwanta a inuwarsa su bar kashi, su ci 'ya'yansa da ke zubowa lokacin da ciyawa ta ƙare. Ya ce, "Ɗana, in ka zo da kaka ka dubi zangarniyar gindin gawo ka dubi ta fili, ba sai an gaya maka ba." Ya ce a ƙuruciyarsa, bayan farin 1973 da na 1984, daga ƙofar gidan nan kana hango ƙauyen gaba, ba abin da ya tare. Iska kan binne shuka, sai an yi iri biyu ko uku kafin ya kama. Mata kan yini neman makamashi, har kashin shanu suke ƙonawa.

Na tambaye shi wa ya dasa musu duk wannan. Ya ce ba wanda ya dasa. Kututture da saiwa suna nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, kowace shekara suna tofowa, manomi na sare su da sunan sharar gona. Abin da suka sauya kawai shi ne sun daina sarewa duka. In kututture ya fito da toho goma, sai a zaɓi mafi ƙarfi ɗaya ko biyu a bari, a datse saura, a sa ido kada akuya ko ɓarawon itace ya taɓa. Sassaben zamani suke ce masa. Ba rijiya, ba gandun renon itace, ba kuɗin kowa, wuƙa ce da haƙuri.

Da na dawo na bi diddigin abin, na tarar duniya ta san da shi, mu maƙwabta ne ba mu sani ba. Wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya fara yaɗa dabarar a yankin Maraɗi tun 1983, har aka ba shi lambar yabo ta Right Livelihood a 2018. A gundumomin Matamaye da Magarya da Mirya kuwa manoma da kansu suka fi ɗaukar abin, ɗaya na ganin gonar ɗaya. Hukuma ma ta taimaka da ta sassauta tsohuwar dokar da ta mai da kowane itace mallakar gwamnati, domin ba mai wahalar renon abin da ba zai mora ba. Masu bincike da suka gwada hotunan sama na da da na yanzu sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. Ana kuma ba da labari cewa sarakunan Damagaram na da sun kafa hukunci mai tsanani a kan duk wanda ya sare gawo. Ashe abin yana da tushe a jininsu. Ni dai a ganina babu wani aikin raya ƙasa da aka yi a yankinmu cikin shekaru hamsin da ya kai wannan, kuma talakawa ne suka yi shi da hannunsu, a ƙasar da kullum ake lissafa ta cikin mafi talauci a duniya.

Ba na cewa ƙasar Kano ba itace. Gonakin kewayen birni sun daɗe da suna wajen ɗorawa da kuka da tsamiya da gawon kansa. Amma duk mai bin hanyar Dawanau ya san buhunan gawayi nawa ke shigowa kullum, ya san gonaki nawa aka yanka filoti, kuma ya san manyan itatuwan da muke taƙama da su kakanni ne suka bari. Ƙanana nake nema a gonakinmu, masu tsayin mutum, waɗanda za su gaji manyan. A can na gan su ba iyaka.

Da hantsi muka shiga Kance. Ina da dalilin son garin tun kafin in gan shi. A wani ƙauye kusa da nan, Dambanas, aka haifi Dorugu wajen 1840. Aka kama shi bauta yana yaro, aka kai shi Barno, wani Bajamushe mai suna Overweg ya fanshe shi ya 'yanta shi. Bayan rasuwar Overweg a 1852 sai ya bi Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, suka ratsa Zindar da Katsina da Sakkwato har Tambutu a 1853. Ta Kabara suka shiga, Kabara ta bakin kogi, wadda unguwarmu ta ci sunanta. A 1855 ya isa Landan, can ya ba da labarin rayuwarsa da tafiye-tafiyensa da Hausa, wani mai suna Schön ya rubuta, aka buga a littafin Magana Hausa a 1885. Yana cikin labaran tafiya na farko da aka buga da harshenmu. A Kano ya ƙare rayuwarsa, a 1912. Na tsaya a bakin kasuwar Kance riƙe da keke ina kallon yara masu tallan gyaɗa, ina tunanin ɗayansu ne aka fizge daga nan, ya ga duniya, ya dawo ya kwanta a ƙasarmu.

A Takeita muka hau babban titin da ya taso daga Yamai ya nufi Diffa, muka juya gabas, iska ta dawo mana a fuska da dukkan ƙarfinta. Wannan yini shi ne mafi wuya. Leɓe ya tsage, ido ya yi ja, madugu da Ralle ɗinsa mara giya sai ya sauka ya tura in an zo hawa, mu kuma mu sauka mu taya shi tafiya. Muka wuce Tirmini, inda dakarun Sarki Amadu Kuren Daga suka tari sojojin Faransa a ƙarshen Yulin 1899, bindiga ta rinjayi doki. Wannan Amadun ne ya kai wa Kano yaƙi a zamanin Sarki Alu, har aka gwabza a Gezawa. Jikokin mayaƙan nan biyu su ne yau ke tsokanar juna a kan akushi ɗaya. Ana kiran magariba muka hango fitilun Zindar, da manyan duwatsu masu santsi da suka yi wa garin rumfa.

Zindar gari uku ne a haɗe. Akwai Birni, mazaunin sarauta, akwai Zango, inda ayarin Azbinawa da fataken Hausa ke sauka tun da, sai Sabon Gari da ya tashi a tsakaninsu. Shi ne babban birnin Nijar a hannun Faransawa kafin a mayar da hedkwata Yamai a 1926. Ɗan cikin Badala in ya shiga Birni sai ya ji kamar an mayar da shi Kano ta ƙuruciyar kakansa. Lunguna ne ƙanana masu karkata, gidajen ƙasa da zankwaye, an yi wa fuskar soro zayyana da dagi da launi, wani wurin kuma dutse ne ƙato aka gina gida a jikinsa. Mu mun rushe namu mun sa bulo da tayil, su da yawa sun riƙe nasu suna yaɓe. Ragowar ganuwar da Sarki Tanimu ya gina tana nan. Shi ne ya ɗaukaka Damagaram a tsakiyar ƙarni na 19, ya sa maƙeransa na ƙera igwa a cikin gari, ya rasu a 1884. Ranar Juma'a muka tsaya a ƙofar fada muka ga fitowar Sarkin Damagaram Abubakar Sanda zuwa masallaci, dogarai cikin ja da kore, algaita da kakaki na tashi. Ba wanda ya hana mu matsowa. Wani dogari ma da ya ji labarinmu shi ya nemo mana inda muka jingine kekuna.

Kafin nan, ranar Alhamis, mun yini a Kasuwar Dole, ranar da take cika. A nan na ga cuku na Buzaye an shanya shi fale-fale kamar takarda, da dabinon Azbin, da gishirin Bilma, da soyayyar fara mai yaji a cikin manyan kwanuka, da jakunkuna da takalman fata na dukawan garin. Kilishinsu siriri ne, ba a cika masa labu ba, kana tauna kana jin naman. Muka sayi alkaki mai zuma muka ɗaure don tsaraba. Da dare kuwa fada ce ta karɓe mu. Abin da muke kira majalisa su fada suke cewa: samari a kan benci da tabarma, 'yar butar shayi a kan gawayi, ana zuba shi daga sama har ya yi kumfa, a ƙananan kofuna, zagaye uku, na fari da ɗaci na ƙarshe da zaƙi. Ba a gaggawarsa, kuma ba a tashi kafin na uku. Sun san 'yan wasan Kannywood fiye da yadda na san su, sun san farashin gero a Dawanau, kusan kowannensu yana da ɗan uwa a Fagge ko Kurna.

Garin na fama da ƙarancin ruwa, wannan tsohon ciwonsa ne, don a kan dutse yake zaune. 'Yan garuwa sun fi kowa sammako. Duk da haka ba gidan da muka yi sallama ba a fara miƙo mana kofin ruwa ba. Wanda yake da abu ya ba ka, ka gode. Wanda ya sayi ruwa da kuɗinsa ya tsaya a layi, sannan ya miƙa wa baƙon da bai sani ba, wannan sai dai ka roƙa masa Aljanna.

Ranar Lahadi muka yi 'yar gajeriyar tafiya gabas zuwa Mirya, kilomita 18, garin kukoki da lambuna da maginan tukwane. Na sayi ƙaramin tulu ja mai zanen fari, na naɗe shi da bargo na ɗaure a kariya, ya iso Kabara ko tsagewa bai yi ba. Ta Magarya da Ɓaɓura muka komo, iska a bayanmu tana tura mu, tafiyar da ta ci kwana huɗu muka yi ta a uku. Watanni bakwai bayan haka aka yi juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, aka rufe iyaka, ba a buɗe ba sai a Maris na 2024. Duk tsawon lokacin nan mai garin nan da zabuwarsa ne ke faɗo mini a rai, da tsohuwar Matamaye, da masu raken da kasuwarsu ke wannan gefe.

Muna da 'yar gona ta gado a hanyar Dambatta. Da bazarar da ta biyo baya na je da kaina ranar sassabe, na hana a sa wuta, muka bi kututture ɗaya bayan ɗaya da mai noma mana ita. Mun bar toho goma sha ɗaya, gawo bakwai, sauran kalgo da magarya. Akuya ta ci biyu, tara na nan, wasu sun fi ni tsayi.

Ɗan uwa mai karatu, in kana da keke a jingine a soro, ka kai shi a sa masa boris da sabuwar taya, ka nemi abokai biyu ko uku masu haƙuri. Ku fara tambayar lafiyar hanya, ku riƙe takardunku, kada ku yi tafiyar dare, kuma kada ku kwance kaya a garin da ba ku gaida mai shi ba. In Damagaram ta yi muku nisa, ku fara da Kazaure. In kuwa kana da gona, ko ta gado ko ta aro, to bana in ka tashi sassabe ka duba gindin kututture kafin ka ɗaga adda.